Tambaya da Amsa: Wai An Biya Mu Fansho Fiye da Haƙƙinmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon soja ne, na yi ritaya ina Samanja, kuma ina cikin waɗanda suka je Laberiya da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG a 1990. 'Yan watannin nan alat ɗin fanshona yana zuwa da giɓi. Da na bi ba'asi aka ce wai an yi kuskure an biya mu fiye da ƙima a baya, don haka za a riƙa zaftarewa har sai kuɗin sun cika. Ba takarda, ba lissafi. Mu da ke bin ariyas, yau mu ake bi bashi? Abokaina sun ce mu kwashi tabarmi mu tafi Abuja zaman dirshan. Mene ne shawararka? — Wani ɗan mazan jiya, Kawo, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Baba Samanja. Allah ya saka da hidimar da kuka yi wa ƙasa.

Gaskiya ɗaya ce, irin wannan kuskure yana faruwa. Akan lissafa wa mutum da muƙamin da bai kai ba, ko a ƙara masa shekarun aiki, ko ariyas ɗaya ya shiga sau biyu, musamman lokacin da ake daidaita fansho bayan ƙarin mafi ƙarancin albashi, irin na 2019 da ya kai N30,000 da na 2024 da ya kai N70,000. Amma wanda ya ce yana bin ka, shi ke da nauyin kawo lissafi. "Wai" ba ta cin kuɗin mutum.

Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a riƙe ko a rage haƙƙin fanshon ma'aikacin tarayya sai gwargwadon abin da doka ta yarda, kuma sojoji na ciki. Sashen ya kuma ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk sanda aka sake duba albashin ma'aikatan tarayya. To sai masu biyan ku fansho su faɗa maka dokar da suka dogara da ita.

Ka rubuta musu takarda, ba waya ba. Ka nemi adadin rarar, watannin da ta shiga, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Kafin nan ka je banki a fitar maka da sitatimen tun daga watan da suke magana, ka ajiye shi gefen takardar sallamarka, ka bi da biro layi-layi. Ka sa jika mai kaifin ido ya taya ka, don rubutun banki ƙanana ne kamar tururuwa. Kada kuma ka sa hannu a wata takardar amincewa da bashi, ko da an ce ta tantancewa ce, sai ka karanta.

Batun Abuja kuwa, ban hana ba, amma tabarma ba ta gyara lissafi, ga shekaru ga hawan jini. Gara ku haɗu ta reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na Kaduna ku kai koke ɗaya, kowa da lambarsa ta soja da sitatimen ɗinsa. In aka yi biris da ku, ku nemi lauya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron ƙarar fansho, kuma tana zama a nan Kaduna.