Libarbar Kaka Ba Ta Je Giginya Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da fatan alheri, watan jiya muka buɗe akwatin ƙarfe na kakanmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya daɗe a ƙarƙashin gadon kakarmu. Mun tarar da takobi cikin kube, da rigar saƙi mai layu, da lambobin soja biyu, ɗaya kamar tauraro, da wani ɗan littafi na Turanci, sai wata ƙaramar bindiga naɗe cikin tsumma. Tun muna yara ake gaya mana mahaifin kakanmu ne ya ƙwace ta daga hannun wani Bature ranar Giginya. A jikinta an rubuta WEBLEY MARK VI da 1917, ga kuma wata alama kamar kan kibiya. Wani dillali ya ji labari, har ya zo ya taya. Yanzu baffanninmu sun rabu biyu, wasu a sayar, wasu a bari. Shin labarin nan gaskiya ne? Kuma me ya dace mu yi?

Daga mai karatunku a cikin garin Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanku, ya sa ya huta. Kafin mu je ga tarihi, ka mayar da bindigar nan cikin tsummanta, ka kulle akwatin, ka hana yara zuwa kusa. Kada wani ya ce bari ya ja kunamarta ya ji ko tana da rai. Harsashi yakan kwana shekara tamanin a cikin ƙarfe ya tashi.

To, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, don na san ba zai yi wa baffanninka daɗi ba. Bindigar da kanta ta ƙaryata labarin. An yi yaƙin Giginya, inda Turawa suka ci Sakkwato, ranar Lahadi 15 ga Maris 1903, ita kuwa ga shekarar haihuwarta nan a jikinta, 1917. Samfurin Mark VI ma gaba ɗaya sai a 1915 sojan Ingila suka fara amfani da shi, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Irinta ce tsofaffinmu ke kira libarba: a Bamingam ake ƙera ta, tana cin harsashi shida a cikin wani abu mai juyawa, kuma karya ta ake yi biyu in za a ɗura. Yayarta Mark IV, wadda ta fito a 1899, ita ce ta zamanin Gwamna Lugga, bakinta ya fi gajarta, mariƙinta kuma a lanƙwashe yake kamar kan tsuntsu. Kan kibiyar da ka gani tambarin gwamnatin Ingila ne, ma'anarsa kayan gwamnati.

Ko da babu wannan rubutu, yadda ranar ta kasance bai bar wa labarin ƙofa ba. Kanar Molan ya iso bayan ganuwa ta kudu da soja wajen 650, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Watansa ɗaya da 'yan kwanaki ke nan da cin Kano, wadda ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru kuwa bai fi wata biyar bisa gado ba. Ya fito fili da rundunarsa, mafi yawa masu kwari da baka da mashi da takobi, sai 'yan bindiga kaɗan. Turawa suka yi shirinsu na kusurwa huɗu, suka buɗe wuta tun daga nesa. Dawaki ba su kai gare su ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi an watse, sai 'yan tsirarun da suka tsaya gindin tuta aka kashe su a wurin. Babu Bature ko ɗaya da ya mutu a Giginya, balle a ce an zare masa bindiga daga ɗamara. Inda Turawa suka rasa manyansu shi ne Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, inda kibiya ta kashe Manjo Mash, ranar da Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600. Sai kuma Satiru a Fabrairun 1906, inda talakawa da gatura da fartanyu suka kashe Turawa uku, har suka kama bindiga mai ruwa. Amma a can ɗin ma bindigar 1917 ba ta zo duniya ba.

Daga ina ta fito ke nan? Amsar tana cikin akwatin, kusa da ita, ba ku duba ba ne. Lambar nan mai kama da tauraro, ka ƙirga tsininta. In shida ne, kuma ƙyallenta ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, to tauraron Boma ne, wanda aka ba waɗanda suka yi yaƙi da Japan a ƙasar Boma. Ɗan littafin Turancin kuma ina kyautata zaton takardar sallama ce, a ciki za ka ga lambarsa, da bataliyarsa, da ranar da ya shiga da ranar da ya fita. Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta tashi zuwa Indiya a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944, suka yi fama a kwarin Kaladan da dazukan Arakan, suka haɗu a Miyohong a Janairun 1945. 'Yan Arewa sun yi yawa a cikinsu. A wannan yaƙi bindigogi sun yi wa Ingila ƙaranci, don haka aka fito da tsofaffin Webley daga ma'aji aka raba. Kurtu dai doguwar bindiga da adda yake riƙewa, libarba ta hafsa ce, amma odale da saje da samanja kullum suna tare da hafsa, kuma kaya sun sha canza hannu a daji. 'Yan Boma sun dawo da abubuwa iri-iri a gindin jaka.

Nan ne wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani. Rundunar da kakanka ya shiga ita ce dai wadda ta tsaya a Giginya ta harbi mahaifinsa. Suna kawai aka ƙara mata a 1928. Kuma waɗanda suka riƙe bindigogin a 1903, in ka cire hafsoshi 'yan ashirin da wani abu, baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarbawa suka fi yawa. Uba ya fuskanci bakin bindiga, bayan shekara arba'in ɗa ya rataya ta. Ba gidanku kaɗai ba ne, na san gidaje a garin nan da ke da takobin jihadi da kakin Boma a ɗaki ɗaya. A ganina shi ya sa labarin ya sauya wuri. Babu wanda ya zauna ya shirya ƙarya. Wata rana yaro ya tambayi kakarsa bindigar wane ce, ta ce ta yaƙin Nasara ce, shi kuwa yaƙin Nasara ɗaya ya sani. Kuma wanda aka ci da yaƙi yana son a ce ko ba komai ya dawo da wani abu a hannu. Ni ma kakata da "shekarar zuwan Nasara" take lissafin haihuwa da mutuwa, amma ban taɓa jin ta ba da labarin ranar kanta ba. In an matsa mata sai ta ce Allah ya riga ya hukunta, ta tashi ta kama wani aiki.

Ba ta faɗa ba, amma gari ya rabu a ranar, kuma har yau in malamai suka zauna maganar takan tashi. Wasu suka bi Attahiru hijira gabas, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da ragowar jama'a har bakin Kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake yanzu. Wasu suka bi Waziri Buhari suka komo gari, bisa fatawar cewa a ba Nasara duniya a tsare addini. Kwana shida bayan yaƙin, ranar 21 ga Maris, Lugga ya tsaya ya ce abin da Fulani suka samu da takobi ya koma hannun Ingila da takobi. Marafa Maiturare, wanda ya ja dawaki a Giginya, shi ya zama Sarkin Musulmi a 1915, a ƙarƙashin Turawan. Tutar Attahiru kuwa sai a 1960 aka dawo da ita hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Saboda haka in akwai abin da ya je Giginya cikin akwatinku, ka dubi takobin da rigar layun, waɗanda ka ambata a gurguje kamar ba komai ba. Su dillalin bai taya ba, don ba su da kasuwa irin ta bindigar Bature. Kada ku wanke rigar, kada ku farke layun, kada kuma a goge takobin da toka ko yashi don ya yi ƙyalli.

Batun sayarwa, a'a. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasin shugaban ƙasa, kuma tsufa ko tsatsa ba sa fitar da ita daga wannan hukunci. Ɗauri ne mai tsawo. Ga halin da muke ciki a gabashin jihar nan, ba ka san hannu na uku da za ta faɗa ba. Abin yi shi ne babban baffanku ya sami mai unguwa, su sanar da 'yan sanda tana nan inda take, kada ka ɗauke ta ka hau kabu-kabu da ita. Ku karɓi takardar shaida, ku kuma roƙi a miƙa ta ga masu adana kayan tarihi. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana nan cikin gari, kuma akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Kafin nan ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, da hoton kowane shafi na littafin. In kakarku tana raye, ka zauna da ita kana ɗaukar muryarta da waya tun kafin a yi sallar layya. Ka tambaye ta shekarar da ya dawo, da irin waƙar da yake yi in yana wanka, da abin da ba ya son a ambata a gabansa.

TAMBAYA: Baba, a cikin Alƙur'anin mahaifina na sami takardar kuɗi mai hoton itacen kwakwa da rana, an rubuta Biafra. Ya yi soja. Tana da daraja?

Daga wata 'yarku a Mabera.

AMSA: 'Yata, fam ɗin Biyafara ne. An fara buga shi a 1968, bayan gwamnatin Gawon ta canza kuɗin Nijeriya don ta kashe wanda ke hannunsu, aka sake buga wasu a 1969. Da yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970 ya zama takarda, masu ajiya a can kuma aka ba kowa fam 20 komai yawan abin da ya tara. An buga shi da yawa, sojoji sun kwaso shi a aljihu, don haka ba zai saya miki ko atamfa ba. Ki sa shi cikin ambulan, kada ki liƙe shi da roba mai zafi, ki rubuta a baya inda kika same shi da surar da yake ciki.