Wai me ya fito da Turawa daga ƙasashensu har suka mamaye duniya?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗaliba ce, muna ta musu da yayana, shi yace addininsu da boko Turawan mulkin mallaka suka fito yaɗawa, ni kuma nace dukiya suka biyo. Wanne ne gaskiya, kuma me zuwan nasu ya bar mana?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh kin fi yayanki kusa da gaskiya, duk da shima yana da abin riƙewa, don 'yan mishan sun zo da gaske sun gina coci da makarantu. Amma in kin bi sawun abin daga farko zaki ga kasuwa ce ta fito dasu.

Ki duba Fotugal da suka fara. Zinariyar da ake haƙowa a yammacin Afirka da kayan yaji na Indiya duk ta hannun 'yan kasuwa Musulmi suke bi kafin su kai Turai, kowa ya ɗora ribarsa, shine sukace bari su zagaya ta teku su saya da kansu. A 1482 suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Ghana ta yanzu, a 1498 Vasco da Gama ya isa Indiya. Ita kuma Sifaniya ta faɗa nahiyar Amurka tun 1492, aka buɗe gonakin rake, rake kuma yana son hannu, daga nan cinikin bayi ya kankama, mutum wajen miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa daga Afirka. Indiya ma ai kamfani ne ya fara cinye ta ba gwamnatin Ingila ba, kamfanin East India da aka kafa a 1600 don saye da sayarwa, yazo ya tara sojansa yana karɓar haraji.

Abinda yasa abin ya ƙara zafi bayan 1800 shine masana'antu. Injina suna buƙatar manja da auduga da roba, kayan da suka ƙera kuma suna neman masu saye, ga kishi tsakaninsu, Ingila bata son Faransa ta riga ta, Jamus ma tace sai an bata nata. Shine suka zauna a Berlin daga 1884 zuwa 1885 suka tsara yadda zasu raba Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba, kuma babu ɗan Afirka ko ɗaya a wajen. Kina iya tambaya me yasa sai lokacin? Da can zazzaɓin cizon sauro ne ke kashe su tun a bakin teku, da suka samu maganin kwinin da jirgin ruwa mai tururi da bindigar Maxim mai ruwan harsashi, sai hanya ta buɗe.

Mu ma nan Najeriya haka akayi, kamfanin Royal Niger na George Goldie ne ya share fage, sai a 1900 gwamnatin Ingila ta karɓa ta hannun Lugard, 1903 Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, waɗanda suka tsira da yawa suka cigaba da hijira gabas, jikokinsu na nan a Maiwurno ta Sudan har yau.

Illar da tafi taɓa ni, kuma ba'a cika koyar da ita ba, ita ce ta haraji. Bature bai buƙatar ya tsaya kan manomi da bulala kullum, kawai yace a biya haraji da kuɗinsa ba da wuri ko hatsi ba, toh a ina talaka zai samu kuɗin Bature in bai noma abinda Bature ke saye ba? Haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, nan da nan gyaɗa ta cika gonaki ana ta jigilarta zuwa Ikko, Turawa kuma su suke yanka farashi. Ki kalli taswirar layin dogo a yawancin Afirka, daga inda kaya suke ya miƙe zuwa tashar jirgin ruwa. A Kwango ta sarki Leopold na Beljiyam ma abin ya wuce haraji, ƙauyen da bai cika adadin roba ba har hannuwa ake sarewa, wallahi ko karantawa da wuya.

Ki faɗa wa yayanki eh an samu makarantu da asibitoci da hanyoyi, bana musun wannan, amma kaɗan ne, kuma da harajin mutanen ƙasa da aikin tilas akayi mafi yawansu. Sai iyakoki, Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, dangi ɗaya harshe ɗaya, yau wannan yana karatu da Turanci yana kashe naira, ɗan baffansa yana karatu da Faransanci yana kashe sefa.