An ce ƙanena ya je bikin auren jinsi, samarin unguwa na neman sa

Tambaya: Barista, barka da aiki. Wani ya saka hoton ƙanena a zauren WhatsApp na unguwarmu, wai an gan shi a bikin auren jinsi, alhali bikin abokinsa ya je. Yanzu samari na cewa sai sun koya masa hankali, tunda gari duk ba ya so. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi. Ina mafita? Daga wata baiwar Allah, Kurna.

Amsa: Malama, Allah ya kawo sauƙi. Cewa gari ba ya so, wannan babu gardama. Binciken da Pew, wata cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Amurka, ta yi a 2023 ya nuna kashi 2 cikin ɗari ne kacal na 'yan Najeriya ke goyon bayan irin wannan aure. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla shi, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka.

To amma ga abin da na gaji da maimaitawa a ofis: ƙin abu daban, hukunta mutum a kansa daban. Ko Kano kaf ta taru a baki ɗaya, hakan bai mayar da ɗan zaman majalisa alƙali ba. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce wanda ake zargi ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Su kuwa masu fakewa da addini, su wa za su ruɗa? A mazhabarmu ta Malikiyya, jifan mutum da luwaɗi ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80. Wato mai tura hoton nan ya fi ƙanenki kusa da bulala. Hoton biki? Wa ya ɗauka, yaushe, me ya nuna ban da samari cikin shadda? Sau nawa ake bin diddigin irin wannan magana a tarar rikicin bashi ne, ko na budurwa.

Yau ɗin nan ki mayar da shi gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa, kada ya tsaya musu da kowa. Ki adana saƙonnin tare da lambar wanda ya fara sakawa kafin ya goge. Wani dattijo a gidanku ya sanar da mai unguwa da limami, sannan ku kai ƙorafi a rubuce ga DPO kan barazanar. Katin gayyatar bikin ma ku ajiye, zai yi amfani idan kun shigar da ƙarar ɓata suna.