Inda Ake Kafa Wayar Na'urar Bugun Zuciya

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya hana ni kafa wa dattijon nan wayar na'urar da ke tayar da bugun zuciya a tsinin ɗakin zuciya na ƙasa na dama, alhali nan aka koya maka, kuma nan hannu ya fi saurin kaiwa. Tambayarka tana kan hanya, sai dai ba sauƙin hannu ke zaɓar wuri ba, ciwon mutum ne ke zaɓa.

Kafin ka taɓa waya, ka gano inda wutar zuciya ta yanke. Idan gurbin da ke kunna bugu ne ya yi sanyi, mahaɗar da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa kuwa lafiya lau take, to nauyin aikin yana kan wayar ɗakin sama na dama, wadda muke maƙalawa a ɗan aljihun da ke jikinsa. Ta ƙasa mukan sa ta ne don ko-ta-kwana, mu saita na'urar yadda ba za ta motsa ta ba sai da dalili.

Wanda mahaɗarsa ta toshe gaba ɗaya, kamar dattijon, shi ne abin tsayawa a yi tunani, domin kusan kowane bugu na ɗakunan ƙasa daga wayarka zai fito, dare da rana, shekara da shekaru. Tsinin ɗakin dama yana riƙe waya da kyau, ba ta cika zamewa ba, shi ya sa muka daɗe a kansa. Illarsa ita ce wutar da ta tashi daga can ba ta bin hanyarta ta asali, tana ratsa naman zuciya ne sannu a hankali, sai dama ta riga hagu matsewa, QRS, wato alamar bugun ɗakunan ƙasa a takardar awon wutar zuciya, ya yi faɗi kamar na wanda reshen hanyar wutarsa na hagu ya toshe. A wasu mutane, musamman idan wayar ce ke tayar da fiye da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na bugun, ɗakin hagu yakan raunana a kwana a tashi. Mun gwada matsar da wayar zuwa fuskar katangar da ta raba ɗakunan ƙasa, amma ribar ba ta kai yadda muka yi zato ba.

A shekarar 2000 Deshmukh da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ana iya kafa waya ta dindindin a kan damin His, wato zaren da ke kai wuta daga mahaɗar zuwa rassan dama da hagu, wutar ta bi hanyarta ta gado. Kyan QRS ɗinta ba a magana, amma wurin ɗan tsurut ne, yana cin wuta da yawa, abin da yake buƙata kuma yakan ƙaru bayan watanni, batir ya mutu da wuri. Ni kaina na sha komawa gyaran irinta. Daga baya, a 2017, Huang na birnin Wenzhou a ƙasar Sin ya bayyana yadda ake murɗa wayar ta nutse cikin katangar har ta isa reshen hagu. Filin ya fi faɗi, sau da yawa ƙasa da bolt 1 ya isa, kuma an tsallake inda toshewar take. Wannan na yi wa dattijon. Haɗarinta shi ne ka zarce ka huda katangar, don haka kowane murɗi kaɗan ka dakata, ka dubi siffar QRS a V1, ɗaya daga cikin layukan awon da ake ɗauka a ƙirji, da kuma juriyar wayar ga wuta. Idan juriyar ta faɗi kwatsam, ka janye ka nemi wani wuri.

Wanda zuciyarsa ta riga ta raunana, jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu bai wuce kashi 35 cikin ɗari na abin da ke cikinsa ba, ga toshewar reshen hagu, shi ake ƙara wa waya ta uku ta jijiyar jinin da ke zagaye bayan zuciya, don ɗakunan biyu su matse tare. Kada ka rufe fata sai ka gwada ta da wuta mai ƙarfi, domin jijiyar tantanin numfashi tana kusa, mutum zai iya kwana yana shaƙuwa. Idan jijiyoyin ƙirji sun toshe ko ƙwayoyin cuta sun taɓa kama na'urar farko, akwai maras waya irin Micra, wadda ake shigarwa ta cinya. Jarirai da masu murfin ƙarfe a ƙofar ɗakin dama kuwa, sau da yawa a jikin zuciya ta waje likitan tiyata ke ɗinka musu wayar.