Tambaya da Amsa: Za a iya saita gudun garmaho da regiletar fanka?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Agege. Mahaifina ya rasu ya bar mana garmaho mai bel (zoben roba da ke juya faifai), wanda aka kawo masa daga Amurka, da faya-fayan waƙoƙin Hausa na da. In na ɗora faifai sai muryar ta yi nauyi tana ja, alhali ina amfani da transfomar rage wuta. Wani mai gyaran rediyo a unguwarmu ya ce in cire transfomar, ya haɗa mini regiletar fanka in riƙa murɗawa har murya ta daidaita. Tun da ya haɗa, moton na gurnani, yana zafi, har da ƙauri. Na lalata shi ne? Kuma zan iya haɗa na'urar saita gudun da kaina? Ina taɓa aikin lantarki.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, kafin ka ƙarasa karanta wannan, je ka zare filogin nan daga bango.

Tunda kana taɓa aikin, duba rubutun da ke jikin moton. Ina kyautata zaton za ka ga 110V ko 120V, 60Hz. Irin wannan moton AC ne mai bin firikwensi (yawan zagayen da wuta ke yi a daƙiƙa, shi ake aunawa da Hz), ba ruwansa da ƙarfin wuta wajen gudu. Moto mai fol 24 (kawunan maganaɗisun cikinsa) yana juyi 300 a minti a wutar Amurka, a tamu mai 50Hz kuwa 250. Shi ya sa faifan da ya kamata ya yi juyi 33⅓ a minti yake yin kusan 27.8, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Transfomarka ta yi aikinta, ta sauke 230V zuwa 110V, amma transfoma ba ta sauya firikwensi.

Sai maganar regileta, wadda kullum sai an kawo mini ita shago, har na gaji da maimaitawa. Abu na farko ma, regileta ragewa take yi, ba ta ƙarawa. Garmahonka a hankali yake tafiya, to me za a rage masa? Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mutumin bai tsaya ya yi tunani ba. Na biyu, regiletar zamani mai triac (ɗan makunnin lantarki da ke cikinta) yayyanka wutar take yi, tana barin wani yanki na kowane zagaye ya wuce, firikwensi na nan a 50 ɗinsa. Fanka tana yarda da haka saboda motonta yana iya zamewa ya rage gudu. Naka ba ya zamewa: ko ya yi gudunsa na ƙa'ida, ko ya tsaya cik yana karkarwa. Na uku shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali. Da ya cire transfoma, ya ɗora koyil ɗin 110V kai tsaye a kan layin NEPA, wanda ƙololuwarsa ke kaiwa kusan 325V, kuma in ka murɗa regileta ta wuce rabi wannan ƙololuwar duk tana shiga. Ƙaurin da ka ji, fentin da ke jikin wayar koyil ne ke ƙonewa. In ya gama cinyewa waya ta taɓa ƙarfe, hannun allura da kake kamawa da yatsu ya ɗauki wuta, a gidan da wataƙila ko wayar as, mai zubar da wuta ƙasa, babu a soket. Masu gyara, ku ji tsoron Allah. Ba kowane abu mai juyawa ne fanka ba, kuma "ban sani ba" ba ta rage wa mai sana'a daraja. Kayan gadon marayu ne fa ake gwaji da su, har da rayukansu.

Ko ya lalace? Bari ya huce, ka auna koyil da mita, sannan ka auna tsakanin koyil da jikin ƙarfe. In akwai haɗi ko kaɗan tsakanin koyil da ƙarfen, a sake naɗi. In babu, mayar da transfoma ka saurare shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce sauya fulin kan moton, wato ɗan ƙarfen da bel ke zagayewa, da na 50Hz, mai kaurin da ya fi na yanzu da kashi 20 cikin ɗari. Mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya yi, in hannunsa na da kyau. Matsalar ita ce a Legas rabin sauraronka a janareta ne, shi kuwa ƙaramin janareta da firji ya tashi firikwensinsa ya faɗi, murya ta yi ta lilo. Don haka ni na fi son abin da ka tambaya, wato ka ƙera wa moton tasa wutar.

Arduino, ƙaramin allon kwamfuta da ake ba umarni, ya fitar da sigina mai 60Hz, ka tace ta da resisto da kwandensa ta zama mai santsi, ka ba ƙaramar amfilifaya irin TDA2030, ita kuma ta tura ƙaramar transfoma da ka juya baya, gefen 12V ya zama shiga. Moton wat kaɗan yake ci. Fara da bolum a ƙasa, moto a haɗe, ka riƙa ɗagawa har mita ta nuna 110V. Ka ciyar da komai daga adafta ko batir, ka ga NEPA da janareta sun fita daga lissafi. In kana son juyi 45 a minti ba tare da taɓa bel ba, sa maɓalli ya kai sigina 81Hz. Duk kayan nan ana samunsu a kasuwar Alaba. Akwatin roba, fis a gefen shiga, TDA ɗin a kan ƙarfen sanyaya, kuma kada ka taɓa gefen 110V yana kunne.

Wajen gwaji, kada ka yarda da ɗige-ɗigen auna gudu da ke gefen farantin garmahon in na 60Hz ne, domin a ƙarƙashin fitilarmu ƙarya za su yi maka. Manna ɗan farin tef a bakin faranti, ɗora faifai da allura, ka ƙirga: juyi 100 cif a minti 3. In ya ci gaba da tangaɗi bayan haka, sauya bel, ka ɗiga man keken ɗinki a sandar tsakiya.