Ɗigon jini a kati: mai araha ko mai magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Jidda nake, wata 6 ke nan ina shan ƙwayar man kifi. Na ga kayan gwajin omega-3 na gida, a huda yatsa a ɗiga jini a kati a aika ƙasar waje. Akwai mai araha, akwai mai tsada wanda aka ce an sa wa katinsa magani. Wanne zan saya? Kuma zafin nan namu ba zai ɓata jinin a hanya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Araha ba ta ado, sayi mai maganin.

Kitsen da za a auna, wato nau'o'in omega-3 na man kifi da ake kira EPA da DHA, ba ya shiri da iska. Kin ga yadda man suya ke canja wari idan aka bar shi a buɗe? To haka, sai dai nan abin ya fi sauri, domin sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin shi kansa yana iza wutar. A katin da ba a sa wa komai ba, kafin ya isa kitsen ya ragu, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, ki ƙara zuba riyal a ƙwaya alhali ba ki da buƙata. Tambayi mai sayarwa ko an jiƙa katin da BHT, sinadarin da ke hana iska ɓata kitse, ko makamancinsa. Idan ya fara kame-kame, wuce.

Sauran aikin a hannunki yake. Shimfiɗa katin a ɗaki mai AC ya bushe sarai, awa 2 zuwa 3, sai dai idan takardar kamfanin ta faɗi wani lokaci daban. Ban da rana, ban da na'urar busar da gashi. Damshin Jidda ma abokin gaba ne, don haka ƙaramin ƙullin nan mai tsotse laima, irin na cikin kwalin takalmi, kada ki yar, tare za ki rufe su a leda. Kada ambulan ya kwana a mota. Da ni ce ke, ranar Lahadi zan aika, ba Alhamis ba, kada hutun Juma'a da Asabar ya rutsa da shi a sito.

Ma'aunin da masu bincike William Harris da Clemens von Schacky suka fitar a 2004, na yawan EPA da DHA a cikin kitsen jajayen ƙwayoyin jini, ya ɗauki kashi 8 cikin 100 zuwa sama a matsayin mai kyau, ƙasa da 4 kuwa ya yi kaɗan. Kai wa likitanki sakamakon kafin ki ƙara ko ki rage ƙwaya. Maimaita gwaji kuma sai bayan wata 4, tunda jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi kafin su sabunta.