Permi ya fito, sai a miƙa makulli?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana na fari ya cika shekara 18, ya gama oto-ekol, permi ya fito watan jiya. Yanzu kullum maganarsa ɗaya, in ba shi motar marigayi mahaifinsa ya kai abokansa biki Tasawa. Ƙanena da ke zaune Kanada ya ce a can ba a sakar wa sabon direba hanya lokaci guda, mataki-mataki ake yi. Yaya abin yake? Ni kuma me zan yi, tunda takarda na hannunsa? Daga wata uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Gaskiya ƙanenki ya faɗa miki.

A lardin Ontariyo na Kanada an fara wannan tsari a 1994. Yaro ɗan shekara 16 zai yi gwajin ido da na dokokin hanya, wato abin da muke kira kod, sai a ba shi takardar farko mai suna G1. Da ita ba ya tuƙi shi kaɗai. Dole a kujerar gaba a samu direba mai cikakken permi wanda ya yi aƙalla shekara 4 yana tuƙi. Ba ya fita daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba, ba ya hawa manyan hanyoyin gudu. Wata 12 zai yi a haka, ko wata 8 idan ya bi ta makarantar tuƙi da hukuma ta yarda da ita. Daga nan a gwada shi a kan hanya. In ya ci, ya samu G2, ya fara fita shi kaɗai, amma har yanzu da igiya a ƙafarsa: muddin bai wuce shekara 19 ba, a wata 6 na farko ba zai ɗauki matashi fiye da ɗaya cikin tsakar dare ba. Sai ya sake cika wata 12, ya sake cin wani gwaji, sannan ya zama cikakken direba. Ƙasar Niyu Zilan ce ta riga kowa a 1987, jihar Filorida ta Amurka ta bi a 1996.

Na Faransa ya fi kusa da mu, tunda kod ɗinmu daga nasu ya samo asali. A can kowane permi na da maki da ake ragewa in direba ya yi laifi. Tun 2004 sabon direba da maki 6 yake farawa, tsofaffin hannu kuwa 12 gare su. Shekara 3 zai yi cikin gwaji, da harafin A ja manne a bayan motarsa don kowa ya san sabo ne. Inda wasu ke gudun kilomita 130, shi 110 ne iyakarsa. In shekara ta zagayo bai yi laifi ba, a ƙara masa maki 2. In ya yi babban laifi a shekarar farko, makin shida na iya tafiya lokaci guda, ya koma makaranta. Wanda kuma ya fara koyo tun yana ɗan 15, ya yi kilomita 3,000 da babba a gefensa, shekara 2 kawai zai yi cikin gwajin.

Abin da ya sa suka yi haka shi ne abin da nake so ki riƙe. Sun duba sun ga watannin farko da yaro ya fara tuƙi shi kaɗai su ne mafi haɗari, kuma haɗarin na ƙaruwa da dare, yana ƙaruwa idan motar cike take da tsaransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Na yi shekaru ina koyar da tuƙi a garin nan, kuma zan shaida miki yaranmu na da hannu. Cikin sati uku yaro zai iya kuloci, ya iya sauya giya, ya yi ribas ya shiga lungun da ni sai na yi lissafi. Abin da ba shi da shi ido ne. Ido shi ne ka hango akuya a bakin kwalta ka san 'yarta na ɗaya gefen, kuma yanzu za ta tsallako. Shi ne ka ga ɗan kabu-kabu ya ɗan karkata kai, ka san zai juya ba tare da sigina ba. Wannan ba a karanta shi a littafin kod, sai an yi ta gani.

Ni ma a hanyar da ɗanki ke son bi na koyi nawa darasi. Ina da wata huɗu da karɓar permi, muna dawowa daga Tasawa bayan isha'i, lokacin hunturu, hazo ya rufe gari. Wata babbar mota ta taho ta haske mini ido, na sauke fitilata, ban rage gudu ba. Tana wucewa sai ga amalanken shanu cike da karan dawa a gabana, ba fitila, ba ƙyalle, wani yaro na kwance a samansa. Na taka birki har ƙafata ta yi sanyi, motar ta sauka cikin rairayi, karan ya goge madubin dama ya ɓalle shi. Yaron ya tashi zaune yana murza ido. Har yau ina ganin fuskarsa.

Ɗanki ya san lissafin wannan dare, don an koya masa a kod. Fitilar ƙasa mita 30 ake sa ran ta haska. Mota mai gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ta tsaya cak sai ta yi wajen mita 64. To ki tambaye shi, abin da ya ɓullo a mita 30, ina za a kai sauran? Ki ƙara masa da abokai huɗu a baya, wannan na miƙo waya a kalli hoto, wancan na cewa wuce shi mana.

Kuma kada ki ɗauka wannan dabara baƙuwa ce. Duk wanda ya taso a tasha ya san ta. Yaron mota sai ya yi shekaru yana wanki, yana duba ruwa da mai, yana sa waigi a taya. Daga baya maigidansa ya bar shi ya matsar da mota cikin tasha. Wata rana, da hantsi, a miƙaƙƙiyar hanya, ya ce masa karɓi, shi kuma ya zauna gefe bai runtsa ba. Tuƙin dare shi ne na ƙarshe da ake ba shi. Su can takarda suka mai da abin, mu a hannun iyayen gida yake. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka Hajiya, permi nasa ne, makulli naki. Kada ki hana shi motar, don wanda aka hana gaba ɗaya zai ari ta aboki a ɓoye, kuma ba zai samu idon da muke magana ba. Ki nemo kawunsa ko wani dattijon direba da yake jin nauyi, su yi wata uku tare: cikin gari da rana, ranar kasuwa da cunkosonta, sannan Tibiri, sannan Madarunfa, har su taɓa ruwan sama da hazo. Bayan nan ya fita shi kaɗai, amma magariba ta same shi a gida, fasinja ɗaya, bel a ɗaure, waya a aljihu. Dare kuwa su fara shi tare da kawun. Ki gaya masa ranar da kowane sharaɗi zai ƙare, kuma ki cika alkawari in ya cika nasa. Yaro na jure doka idan ya san iyakarta. Bikin Tasawa dai, a bana kawun ya riƙe sitiyari a dawowa.

TAMBAYA: Malam, yayana ya saya mini babur zan fara kabu-kabu. Wannan tsari ya shafi babur? Daga wani matashi, unguwar Mokoyo, Maraɗi.

AMSA: Ya shafe shi, ɗana, Allah ya sa albarka a sana'a. A Ontariyon da na ambata, mai takardar farko ta babur, M1, ba ya goyon kowa kuma ba ya hawa da dare, har sai ya yi aƙalla kwana 60 ya ci gwaji. Dalili kuwa babur mai goyo wani babur ne daban: birki na ƙara nisa, kwana na ƙara nauyi, kuma fasinja na iya karkata inda ba ka zata ba, musamman a rairayin lungunanmu. Ka yi wata biyu kai kaɗai. Sannan ka ɗaura buhun gero a baya, ka yi ta zagaya fili kana taka birki har hannunka ya san nauyin. Ka sayi hular kwano biyu, taka da ta fasinja, kafin ka tsaya bakin kasuwa.